Mage da 'Yar Baduku

Ranar da ya fara ganinta ba neman aure ya fita ba, fata ce ta tsinke masa.

Mage ake ce masa a zauren horo, don tun yana ɗan shekara shida ko ta ina aka wurga shi sama, da ƙafafunsa yake dira. Ɗan wasan jimnastik ne, irin masu lilo a jikin dogon ƙarfe, su saki, su yi alkafura a iska, su sake cafkewa. Mai wannan sana'a kuwa ba abin da yake ji da shi kamar 'yan fatun da yake ɗaurawa a tafin hannu, su riƙe masa ƙarfen, su kare masa nama. Maɗaurin ɗaya ne ya tsinke, aka yi masa kwatancen shagon wani baduku a bayan tashar mota.

Badukun ba ya nan. 'Yarsa ce zaune a kan benci da basilla a hannu, tana ɗinke bakin wata jaka. Ta karɓi fatar, ta juya ta gaba da baya.

"Wannan kuma mene ne, Malam? Linzamin akuya?"

"Abin cin abincina ne. A bi shi a hankali."

Da ya miƙa hannu zai nuna mata wurin, sai ta ga tafinsa, duk kanta da tabon tsofaffin yagewa. Ta riƙe baki.

"Da wannan kake gaisawa da mutane? Ai dutsen goge kaushi ne!"

Ya yi dariya har da dafa bango. Daga ranar fatunsa suka shiga lalacewa duk mako, ko lafiyarsu lau sai ya samo musu aibi. Shi ya raɗa mata Basilla, wai bakinta ya fi kayan aikinta tsini.

Bayan wata uku ya tura mata saƙo: "Basillata, yau na faɗo sau huɗu. Koci, mai horar da mu, ya ce hankalina ba ya wurin. Na ce masa yana bayan tasha."

Ta mayar: "Ka ce wa hankalin naka ya koma bakin aiki. Ni ba zan auri mai karyayyen wuya ba."

Ya karanta kalmar "aura" ya fi sau goma, kuma a ranar bai sake faɗowa ba.

Sai dai baduku yana da nasa zaɓin. Akwai wani mai kantin magani a layin, mai ladabi da mota da hannu kamar auduga, wanda ya riga ya kai gaisuwa. Ranar da Mage ya durƙusa a shagon ya faɗi abin da ke tafe da shi, tsohon bai ko ajiye wuƙar yankan fata ba.

"Shekarunka nawa, ɗan nan?"

"Ashirin da shida, Baba."

"Masu irin aikinka har zuwa yaushe suke yi?"

"Talatin, in jiki ya yarda."

"To, bayan nan fa? 'Yata ta dafa muku alkafura ku ci? Ka bar wasan yaran nan ka zo in koya maka sana'a, sai in ba ka ita. Ko ita, ko ƙarfe."

Maganar ta soke shi, don ita ce yake ji tun yana yaro. Shekara ashirin yana tashi da ciwon kafaɗa, ana ɗaure masa idon sawu, abokansa na yawo shi yana rataye a zobban lilo, amma har yau wasan yara ake ce masa.

"Baba, ku gafarce ni, ba zan bar ko ɗaya ba. Ranar Asabar za a zaɓi mutum huɗu da za su wakilci ƙasa. Ku zo ku gani da idonku. In kun gani kun ce wasan yara ne, zan dawo nan in sake durƙusawa, har sai kun gaji da ganina."

Tsohon ya dube shi sama da ƙasa. "Za ni. Ba don kai ba, don in ga abin da ya ɗauke wa yarinyar nan hankali."

Ranar Juma'a Basilla ta karɓi fatun, ta ce za ta ƙara musu ɗinki don kada su ba shi kunya. Ya karɓe su a naɗe cikin leda, bai ko buɗe ba.

Da safiyar Asabar, wajen ɗumama jiki, ya ɗaura su ya ji sun yi laushi fiye da yadda ya sani. Ya barbaɗa alli, ya kama ƙarfe. Juyi ɗaya hannunsa ya sulluɓe, ya bugu da baya a kan katifa, numfashinsa ya ɗauke. Koci ya rugo, ya kwance fatar, ya shinshina.

"Mai! Wane maƙiyin Allah ne ya shafa wa fatar ƙarfe mai?"

Akwai sababbi a jakarsa, amma sabuwar fata sai an yi wata ana horar da ita kafin a amince mata. Koci ya ce ya haƙura da ƙarfe. Haƙura da ƙarfe kuwa haƙura da zaɓen ne.

Zuciyarsa ta tafasa. Har ya fara zargin tsohon, ya ce wato ta nan aka ɓullo masa. Ya ɗauki waya ya tura wa Basilla: "Wa ya taɓa fatuna?"

Amsa ta zo nan take: "Ni ce mana. Baba ya ce fata ba ta fita shagonmu a bushe. Sau uku na shafa musu mai don kada su ji maka ciwo. Sun yi daɗi ko, Magena?"

Ya zauna a kan benci yana kallon rubutun. Ya so ya yi faɗa, ya rasa da wa zai yi. Can wani saƙon ya shigo: "Ka yi shiru. Na yi ɓarna ko?"

Ya rubuta: "Kin yi, babba ma. Amma kada ki yi kuka. Ki zauna inda zan gan ki."

Wasa shida ake yi, ƙarfe ne na ƙarshe. Bayan biyar yana na shida a jerin maki. Ya hango su a sahu na biyu: Basilla idanu jajir, baduku ya harɗe hannu, ga mai kantin magani a gefe, wai shi ya kawo su a mota.

"Ba ka da hankali," in ji koci, ganin yana cusa tafinsa tsirara cikin kwanon alli. "Hannun nan yagewa zai yi."

"Ya yage. Nawa ne."

Ya ɗaga wa alƙalai hannu, aka ɗaga shi ya kama. Juyi na uku ya ji kantar hannun dama ta ɓare kamar an zuba masa garwashi. Ya saki ƙarfen, ya wulwula a sama, ya cafke da ɗanyen nama. Ya ƙara juyi biyu da ƙarfi, ya saki, ya yi alkafura biyu, ya dira ƙafa a haɗe, ko gezau. Da ya ɗaga hannuwa jini na bin damtsensa.

Maki ya fito, ya zama na huɗu.

Ana ɗaure masa hannu baduku ya sauko, 'yarsa na biye.

"Kowa na ga da fata a hannu. Kai ina taka?"

"Mantuwa na yi, Baba."

"Ba gaskiya ba ne!" Basilla ta shiga tsakaninsu. "Ni na shafa musu mai, na kusa kashe shi. Kuma Baba, ku yafe mini, amma in ba shi ba, sai dai in tsufa a kan bencin shagonku."

Mai kantin magani ya duba agogo, ya ce ya bar kanti ba kowa.

Tsohon ya sa aka miƙo masa fatun. Ya murza, ya shinshina.

"Dokata ce ta bi. Shekara arba'in ina dukanci, ban san akwai fatar da mai ke cuta ba." Ya dubi Mage. "Ka san hannun zai yage, ka hau?"

"Na sani, Baba."

"Kuma ka dubi tsabar idona ka yi mini ƙarya don ka rufa mata asiri?"

Mage ya sunkuyar da kai. "Ku yi haƙuri."

"Haƙurin me? Ka turo manyanka."

Wata biyu aka sa ranar aure, bayan hannu ya warke, kafin tawagar ƙasa ta tashi zuwa gasa. Ranar auren 'yan zauren horo suka cika layin, koci har da kukansa, yana cewa ƙura ce. Da za a tafi da amarya, baduku ya kira su biyun cikin ɗaki, ya kama hannun 'yarsa ya sa a na angon. Ya dubi Mage.

"Na ga yadda kake riƙe abu ko yana yanka ka. To, ga ta nan, ka riƙe mini ita haka. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari, ya sa duk inda ka tashi ka sauka lafiya."

Basilla ta fashe da kuka, ta ce amin ta fi kowa ƙarfi.