Jinin Yayar Mai Walda

Ranar da ya fara ganinta yana kwance kan gadon ɗibar jini, hannunsa a miƙe, ya rufe ido gam.

"Ƙato kamarka, mai walda guda, kana tsoron allura?" in ji ma'aikaciyar jinyar.

"Wuta na saba da ita, Sista. Wannan abar ba ta da imani."

Ta ce masa jininsa rukunin B ne, kada ya dawo sai bayan wata uku. Washegari ya dawo, wai ya manta hularsa.

Tun daga nan take kiransa Tartsatsi, shi kuma yana ce mata Allurata.

"Allurata, yau na ƙona yatsa garin tunaninki," ya rubuto mata.

"Sa ruwan sanyi. Sauran taran ka adana min."

Babanta ya ce ba zai ba mai walda 'yarsa ba. Yayanta kuwa ya riga ya yi wa abokinsa, wani dillalin motoci, alkawarinta.

Wata rana da tsakar rana yayan da dillalin suka dira shagon Tartsatsi. Ko sallama babu, yayan ya ɗauki rodi ya sauke masa a ka. Jini ya rufe masa ido. Dillalin ya bi shi da shuri a haƙarƙari har ya kife. Yayan ya sake ɗaga rodin, wayar injin walda ta harɗe masa ƙafa, ya faɗa kan bakin wani falen ƙarfe. Cinyarsa ta tsage, jini ya yi tsartuwa har bango.

Dillalin ya shiga motarsa ya gudu.

Tartsatsi ya yage rigarsa ya ɗaure cinyar, ya kinkime shi zuwa asibiti.

Sista na ganinsu ta wanke Tartsatsi da mari. "Kashe min shi ka yi?"

Da ya ji likita na cewa jinin yayan rukunin O nagatif ne, mai wuyar samu, kuma ko leda ɗaya babu a ajiya, sai ya miƙa mata hannu.

"A ɗebi nawa."

"Naka kashe shi zai yi," ta ce. "Kai ma ba ka ga abin da kake zubarwa ba?"

Ya kira babbar yayarsa, tela, wadda aka taɓa gaya wa irin jininta ke nan a wurin awon ciki. Ta iso a guje, ta ga raunin kansa, ta ji wanda ya yi masa.

"Wanda ya fasa maka kai zan ba jinina? Ya mutu mana!"

"Yaya, in ya mutu ni ma na rasa ƙanwarsa."

Ta daɗe tana huci kafin ta naɗe hannun riga.

"Kina da ciki, ko kina shayarwa? Zazzaɓi fa, a 'yan kwanakin nan?" Sista ta tambaya tana hawaye.

"Babu. Soka kafin in fasa."

Da yayan ya farfaɗo, shi ya gaya wa babansu komai da bakinsa. Sista ta je ta zauna gefen gadon Tartsatsi, ta kasa kallonsa.

"Ka yafe min."

"Marin ya fi rodin zafi," ya ce, ya kama hannunta.

Ranar auren, yayan yana dogara sanda, shi ya tsaya a ƙofa yana tarbar baƙi. Telar ta harare shi.

"Ka riƙe min jini da mutunci, ka ji?"

Baban amarya ya dafa ango, ya dafa 'yarsa, idonsa ya ciko.

"Na yi kuskure a kanka, ɗana. Allah ya yi muku albarka, ya tsare ku duka biyun."