Jan Mayafi a Gonar Maguey

A kasuwar Amecameca Fermín ya fara ganin Nayeli, kuma a gaban idona, don ni Eusebio babu abin da ke wuce ni a garin nan. Ban taɓa zama a aji ba, amma girgizar ƙasa ta rufe ni da gini na fito da ƙafata, kuma rabin auren unguwarmu bakina ne ya nemo shi.

Tana sayar da tamale, wato ƙullun masara da ake turarawa cikin ganye, ya nuna jan yaji ya ce ta zuba masa koren nan. Ta yi dariya, ta zaci zolaya ce. Sai da soyayya ta yi nisa ya gaya mata tun haihuwa idonsa ba ya raba ja da kore.

Nan hankalinta ya tashi. A falonsu akwai wani tsohon zane da uwarta, Doña Amparo, ta gada, an yi shi tun zamanin da jirgin ƙasa ya fara shigowa kwarinmu. Ga shuɗin tafkin da ya ƙafe tuni, ga duwatsunmu biyu da farar ƙanƙara a kai, ga jirgin da hayaƙinsa. Can ƙasa, cikin koren gonar maguey, shukar nan mai kaurin ganye da ƙaya, akwai wata mace da ba ta fi ƙwayar masara ba, da jan mayafi. Kakar gidan ce. Duk mai neman 'yarsu sai an tsayar da shi ya nemo matar nan a cikin zanen.

Uban Nayeli, Don Crescencio, ya riƙe al'adar nan da ƙarfi. Cewa yake wanda bai ga mace a fili ba, ba zai ga matarsa a ɗaki ba. Ga Rogelio ɗan mai kantin magani ya riga ya nuno ta da kallo ɗaya, tsohon sai yabonsa yake.

Nayeli ta daina cin abincin kirki. Ta tura wa Fermín saƙo: "Hasken idona, hannun hagu, ƙasa da hayaƙin jirgi. Ka ɗora yatsa kawai. Kada ka bari a ba Rogelio ni."

Ya amsa: "Kurciyata, na gani. Tsoro nake ji."

Ranar neman aure ni na shige gaba da kwandon burodi da kyandirori, na yi jawabin da ya sa gwaggonni share hawaye. Aka tsayar da yaron gaban zanen. Gumi ya jiƙa masa riga, Nayeli kuma tana bayan labule tana leƙe. Ya ɗaga hannu, sai ya sauke.

"Don Crescencio, na san inda take, don an gaya mini. Amma ba na ganinta. Ina ganin tafkin, ina ganin inuwar mutum ta miƙe zuwa gida kamar an gaji da aiki. Jan kam, sai dai in tambayi Nayeli, kuma haka zan yi ta tambayarta har in mutu."

Tsohon ya haɗe rai, ya fara cewa al'ada al'ada ce.

Doña Amparo ta ajiye kofinta. "Crescencio, a kunne na raɗa maka inda take ranar da ka zo nema na, kuma duk da haka jaki ka nuna wa Babana."

Falon ya ɗauki dariya. Don Crescencio ya yi tari, ya yi tari, sannan ya miƙa hannu ya karɓi kwandon.

Bayan girbin masara aka ɗaura auren. Allah Ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, Ya bar su tare har tsufa.