Lamba Tara ta Giwayen Kamuku

Suhaibu Dabo ya kashe mutum. Bai ɗauki bindiga ba, bai zare wuƙa ba. Rantsuwa ya yi a kan ƙarya, saboda rigar ƙwallo da yarinyar da ba ta taɓa cewa tana son sa ba. Na fara da sunansa ne don kada wata ta karanta labarin nan tana nema masa uzuri.

"Ajiye rigar nan, Kyaftin!"

Bushira ce ta faɗa, tana tsaye a zauren gidansu da ke unguwar Magajin Gari, kwandon wankakkun rigunan ƙungiya a gabanta. Suhaibu ya riga ya zaro koriyar riga mai lamba tara yana jujjuya ta.

"Tawa ce. Tun kina firamare nake sa ta."

"Baba ya ce ta Bakoji ce yanzu. Ga taka nan, lamba huɗu."

"Baba ya ce, ko ke kika ce?"

"Ni wanki kawai nake yi."

"Wanki..." Ya kai rigar hancinsa. "Sauran ƙamshin sabulu suke yi, wannan kuwa ta sha turaren wuta. Shi ma Baba ne ya ce?"

Ta sunkuyar da kai, don gaskiya ya faɗa.

"Haba Bushira! Ɗan ruga? Mai bin gindin shanu? Ni ina nan shekara da shekaru ina zarya a zauren nan..."

"Ɗan rugar ya ci ƙwallo uku ranar Juma'a. Kai kuwa fanareti ka aika cikin gonar dawa."

Ya jefar da rigar ƙasa, ya taka ta, ya fita.

Bakin yarinyar ya yi kaifi, ban ce bai yi ba. Amma kaifin baki ba ya halatta jinin kowa.

Ƙungiyar Giwayen Kamuku ta girmi Bushira, ta girmi Suhaibu. Mahaifinta Malam Abarshi tela ne ya kafa ta tun yana saurayi, lokacin da ake buga tamola ba takalmi a bayan tsohuwar kasuwar auduga. Shi ya ɗinka rigunan farko a kekensa, ya kai su marina. Turakun gola daga dajin Kamuku aka saro su, a zamanin da mutum zai shiga daji da gatari ya fito yana waƙa. Ƙungiyar ba ta taɓa shiga gasar jiha ba, balle ta ƙasa. Iyakarta kofin ƙaramar hukuma da wasannin sallah. Haƙar zinare ta kwashe mata samari a wani zamani, ta kusa mutuwa, ta farfaɗo. 'Yan bindiga suka zo suka tsare hanyoyi, ta ci gaba da rarrafe.

Doka ɗaya Malam Abarshi ya kafa tun ranar farko: ba a tambayar ɗan waye, ƙafa ake kallo. Shi ya sa Philemon, Bagwari Kirista, ya daɗe yana tsare musu gida. Shi ya sa kuma aka karɓi Bakoji, wanda ya dawo gari da mahaifiyarsa bayan 'yan bindiga sun kashe mahaifinsa sun kore shanunsu kaf.

Riguna ba sa kwana a gidan ɗan wasa. Gidan Malam ake mayar da su, 'ya'yansa mata su wanke. Yayyen Bushira sun yi wannan aikin har aka aurar da su, ya faɗo a kanta. A nan zauren Bakoji ya fara ganin ta.

"'Yar Malam, rigata ta bushe?"

"Ɗan Fillo, sai ka yi gaisuwa tukuna."

"Ina wuni, sarauniyar Giwaye?"

"Lafiya lau. Ka sake yaga hammatar, wannan karon kai za ka ɗinke."

"Ai da gangan nake yagawa, Bushirata... in ba haka ba da wane dalili zan tsaya?"

Ta yi dariya ta rufe fuska da mayafi.

"Kawuna zai zo bayan wasan ƙarshe," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Ba ni da saniya ko ɗaya. Shagon faci kawai nake da shi, sai ƙafar nan."

"Na tambaye ka saniya?"

"Inna Azumi za ta tambaya."

Ya san abin da yake faɗa. Inna Azumi, mahaifiyar Bushira, ta daɗe da yanke hukunci.

"A wannan zamanin? Ki kawo mini ɗan daji gida? Wa ya san danginsa? Wa ya san da wa yake waya?"

"Inna, su ne fa suka kashe babansa!"

"Haka ya ce. Kin ga gawar?"

Malam Abarshi yana jin su, yana ta taka kekensa. A fili ya iya kafa doka, a cikin gidansa ya kasa.

Wasan kusa da na ƙarshe a Kusasu aka sa shi, cikin damina. A makon nan babbar hanya ba ta biyuwa, kuma duk ƙungiyar da ba ta je ba an fitar da ita. 'Yan wasa suka yi cirko-cirko a ƙofar Malam.

"Akwai tsohon burtali," in ji Bakoji. "Da shi muke bi da shanu. In za ku ji maganata, zan kai ku in dawo da ku."

Bushira ta tare shi a zaure da rigar a hannu.

"Kar ka je, masoyina... don Allah. Kofi ne fa kawai!"

"Kofin babanki ne. In na ɗora masa shi a hannu, Inna za ta kalle ni da wani ido."

"In wani abu ya same ka fa?"

"Dajin nan ya san ni tun ina rarrafe. Ba shi nake tsoro ba."

Suka tafi a babura da hantsi. Bakoji yana gaba, yakan tsaya ya duba sawun taya a laka, ya saurari tsuntsaye, ya ce a kashe inji a tura. Sau biyu ya karkatar da su suka bar hanyar da ya ga an taka da sabon sawu. Suka isa, suka ci Kusasu biyu da ɗaya, duka biyun da ƙafarsa. Ana gab da tashi Suhaibu ya gurɗe a idon sawu. A hanyar dawowa Bakoji ne ya goya shi a baburinsa, da suka iso rafi kuma ya goya shi a bayansa, ruwa har ƙugu.

Kafin magariba suna gida, ba wanda ƙaya ta soka.

A ranar ce kuma aka tare wata motar haya a babbar hanya, aka shige daji da fasinjoji. Cikinsu har da ƙanin Inna Azumi.

Tsoro yana lalata hankalin gari. Maimakon a gode wa wanda ya fitar da samari lafiya, sai aka fara ƙus-ƙus a majalisa da bakin masallaci. Yaya aka yi suka ratsa daji ba a taɓa su ba? Wa ya gaya masa inda mutanen suke? A garin da aka saba da asara, wanda ya tsira shi ake tuhuma. Magana ce mara tushe, da an bar ta da ta mutu da kanta, don ba mai shaida.

Sai Suhaibu ya ɗingisa ya je wurin 'yan sa-kai ya zama shaida.

Ranar kasuwa suka ɗauke Bakoji daga shagon facinsa, rana tsaka, mutane suna kallo. Philemon ne ya rugo gidan Malam.

"Baba! Sun tafi da Bakoji! Wai infoma ne!"

Bushira ta fito ba takalmi.

"Baba, ka tashi! Suna jin maganarka, rabinsu kai ka koya wa ƙwallo!"

Malam Abarshi ya miƙe. Inna Azumi ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ƙanina yana daji a ɗaure, kai za ka je belin wanda ya sayar da shi? Ka je, Malam. Ka je a ce kai ma da kai."

Ya dube ta, ya dubi 'yarsa.

"Bari a yi la'asar tukuna... bincike ne kawai za su yi."

"Baba!"

Ya koma ya zauna.

Ba a kai la'asar ba. A bayan gari aka tsinci gawarsa, hannuwa ɗaure ta baya. Mutanen da suka yi masa sallah ba su cika sahu biyu ba, yawancinsu 'yan ƙwallo ne. Mahaifiyarsa ba ta yi kuka da ƙarfi ba, tana tsoron kada a ce ita ma.

Bushira ta daina cin abinci. Tana zaune a ɗaki da rigar a cinya.

"Ya ce ba daji yake tsoro ba... ashe mu yake nufi."

"Ki yi shiru, ki gode wa Allah da ya raba ki da shi," in ji Inna Azumi.

Ranar sadakar uku Suhaibu ya yi sallama a zaure da ledar lemo.

"Bushira, haƙuri za ki yi. Mutum ba ka sanin cikinsa. Ni dai ina nan, kamar yadda nake tun farko."

Ko kallonsa ba ta yi ba.

Bayan tafiyarsa shugaban 'yan sa-kai, wani Ja'afaru, ya zo da kansa. Yana so ya wanke kansa a gaban Malam, 'yan wasa kuwa suna zazzaune a tabarma, Bushira tana bayan labule.

"Malam, ba mu yi da ka ba. Kyaftin ɗinku ne ya dafa Alƙur'ani. Ya ce a hanyar dawowa, a bakin rafi, yaron ya bar ku ya shiga kurmi, shi kuma ya bi shi a ɓoye ya gan shi yana magana da masu bindiga."



"A bakin rafi?" in ji Philemon. "Ya bi shi? Da wace ƙafar?"

"Kamar yaya?"

"Suhaibu ko tsayuwa ba ya iya yi! Tun daga Kusasu har ƙofar gidan nan a bayan Bakoji yake. A rafin nan Bakoji ne ya goya shi kamar jariri. Duk muna wurin!"

Ja'afaru ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya gyaɗa kai.

"Me ya sa ba ku tambaye mu ba?" in ji Philemon.

Ja'afaru ya miƙe. Ya lalubi hularsa ya fita. Shi da yaransa hukuma ta zo ta kwashe daga baya. Suhaibu kuwa bai taɓa kowa da hannu ba, aka ce babu abin kama shi.

Samari suka ce sai sun karya masa ɗaya ƙafar. Malam Abarshi, hawaye yana bin gemunsa, ya ce a kore shi daga ƙungiya. Sai Bushira ta ɗaga labule.

"Kar ku kore shi, Baba. Kar kuma wanda ya taɓa shi, an zubar da jini ya isa."

"To me kike so, 'yata?"

"Ƙafarsa za ta warke kafin wasan ƙarshe. Ku sa shi. Lamba tara yake so, ku ba shi." Ta juya ga Philemon. "Yaya Philemon, mutum zai iya buga ƙwallo shi kaɗai?"



"Ba zai iya ba."

Ranar wasan ƙarshe filin ya cika har kan katanga, don labarin rafi ya riga ya zaga gari. Bushira da hannunta ta miƙa wa Suhaibu rigar. Ya karɓa yana murmushi. Ya ji ƙus-ƙus ɗin, amma ya ɗauka rigar nan alama ce an yafe.

Aka busa usur.

Ya ruga gaba, ya buɗe, ya ɗaga hannu. Naziru mai buga tsakiya ya kalle shi, ya juya ya mayar wa Philemon ƙwallo.

"Naziru! Ga ni nan!"

Sadiq ya taho da ita ta gefe, Suhaibu shi kaɗai a gaban raga. Sadiq ya buge ta waje.

"Ku ba ni fasin mana! Kai, ni ne kyaftin!"

Ba wanda ya amsa. Can ƙwallo ta kuɓuce ta faɗo ƙafarsa, sai abokan wasansa duka suka tsaya cak, suka rungume hannu. Ya dube su, ya rasa wanda zai ba, aka ƙwace. 'Yan kallo ba su yi ihu ba, ba su zage shi ba. Dubban mutane suna kallon sa shiru yana gudu sama da ƙasa yana kiran sunaye. Ya nufi benci ya ce a canza shi.

"Koma," in ji Malam Abarshi. "Sai an tashi."

Aka ci Giwaye huɗu da nema. Ba wanda ya yi baƙin cikin kofin.

Daga wannan wasan ƙungiyar ba ta sake fita fili ba. Malam Abarshi ya ce wanda ya zauna jiran la'asar bai cancanci ya tara 'ya'yan mutane ba. Ƙanin Inna Azumi ya dawo daga daji da ransa, ya ce bai taɓa jin sunan Bakoji a bakin mutanen ba. Inna Azumi ta nemi gafarar 'yarta tana kuka.

"Ba ni za ki roƙa ba, Inna. Uwarsa tana nan da rai."

Bushira ta ƙi duk wanda ya zo. Kullum da safe tana kai wa mahaifiyar Bakoji koko, ta share mata ɗaki, tana kiran ta Inna.

Suhaibu yana nan a Magajin Gari. Ya nemi aure gida uku, ko zaure ba a bar shi ya shiga ba. Shagonsa ya rufe don ba mai saye. In ya zauna a majalisa sai a watse, in ya sa hannu a kwano sai a bar masa. Ana amsa masa sallama don wajibi ce. Bayan ita ba wanda yake ce masa komai.