Ba Ta Ratse a Hanya Ba

A garin Koronadal, wanda ya baro gidan makoki sai ya ratse wani wuri kafin ya je gida, don kada mamacin ya biyo shi. Consolacion ta manta. Zuciyarta na wajen kakanta da ke cikin akwati, Lolo Ambrosio, tsohon sojan da ya sare dajin nan, ya gina coci yana jan ƙafar da yaƙi ya lalata.

A tsakiyar gonar masara kwaɗi suka yi tsit. Ta ji motsin carbi a bayanta, da ƙafa ɗaya da ake ja a ƙasa.

"Ke sarkin sauri, jira kakanki mana. Ba mu yi addu'ar dare ba."

Ga fitilar gidanta can, jaririnta na barci a ciki.