Tabon Bayan Kunne

Ranar da aka saki Mami, kan Lele rabi a kitse yake, rabi a tsefe. Yarinyar na zaune tsakanin ƙafafunta a tsakar gida sa'ad da Hajiya, uwar mijinta, ta shigo ta ɗora takarda a kan kwalbar man kitso.

"Saki na uku ke nan," in ji Hajiya. "Shekara bakwai ko ɓari ba ki yi ba. Tashi ki ba mai haihuwa wuri."

Baban Lele na bakin ƙofa, kai a sunkuye. Yana son matarsa, kowa ya shaida, amma bai taɓa iya musa wa uwarsa ba.

"Hajiya, ki bari in ƙarasa mata kan."

"Ke kika haife ta?"

Ba ita ta haife ta ba. Uwar Lele ta rasu ta bar ta tana rarrafe. Mami ce ta goya ta, ita ta yi jinyarta da ruwan zafi ya ƙona ta a bayan kunnen hagu. Tun daga nan, in tana mata kitso sai ta kewaye tabon da kibiya, ta kama wurin sako-sako tana hura masa iska.

Ta kai kukanta gaban alƙali, ba riƙo take nema ba, gani kawai. Ya saurare ta har ƙarshe.

"Baiwar Allah, ke ba uwa ba, ba kaka ba, ba gwaggo ba. A wane layi zan rubuta ki?"

Ta je makarantar su Lele, maigadi ya ce an hana. Ta kama ɗaki guda tana yi wa 'ya'yan mutane kitso. Wata biyar hannunta na kewaye bayan kunnen yaran da ba su da tabo, iyayensu na cewa ta bar wuri ba kitso.

Wata Asabar da hantsi aka yi sallama. Baban Lele ne, ya tsaya daga waje, don yanzu shi baƙo ne. Lele ta shigo da hula har gira, ta faɗa jikinta.

"Mami, kowa ja yake yi, ba su san wurin ba. Anti a sukul har fanishmen ta ba ni saboda kaina."

Mami ta zare hular. Gashin ya dunƙule kamar tsohon soso.

"Masu kitso uku aka kawo, ta ciji ɗaya," in ji shi. "Hajiya ta ce in kai ta a aske. Sau biyu ina wuce shagon mai aski — na kasa tsayawa." Ya haɗiyi yawu. "Duk sa'ad da kan ya tsufa zan kawo ta. Ni zan faɗa wa Hajiya da bakina."

"Ashe kana da bakin," ta ce a hankali, ba ta ɗago ba.

Igiya uku ta tsinke, babu mai ƙulla ta.

Ta zaunar da yarinyar tsakanin ƙafafunta. Ƙananan kitso ta zaɓa, masu cin yini, kuma ko'ina ta kama shi sako-sako, don ya yi saurin tsufa.

Haƙuri bai mayar wa Mami da gidanta ba, Asabar kawai ya ba ta. Ku da kuke raba aure, ku tuna: takarda tana kwance igiya, amma ba ta kwance goyo.