Wasiƙun Barde Junaidu

Ranar Juma'a ce, mutane na dawowa daga masallacin cikin birni, aka kawo rahoto ofishin 'yan sanda cewa an tsinci gawar wani tsoho a zaurensa a Tudun Wada.

A ƙa'ida wannan aikin 'yan dokan Sarki ne. Amma da Baturen 'yan sanda ya ji sunan mamacin, sai ya ajiye lofensa ya sa aka kira masa Sufeto Nagoda.

"Malam Dalhatu ne, magatakardan Barde Junaidu," in ji Baturen, da Hausarsa mai tauri. "Di'o, Baturen mulki, ya daɗe yana neman wasiƙun da ke hannunsa, za a juya su a buga littafin tarihi. Ka je ka samo su."

Bai ce a samo wanda ya yi kisan ba. Nagoda ya ƙame, ya sara, ya fita.

Kafin zuwan Turawa, Barde Junaidu ne ke riƙe da iyakar kudu, da dawakinsa da 'yan bindigarsa. Ya ci garuruwa, ya naɗa, ya tuɓe, ya yi sulhu da waɗanda suka gagare shi. Duk wasiƙar da ya aika, Malam Dalhatu yakan kwafe ya ajiye, duk wadda aka aiko masa ita ma haka. Da mulki ya juya, Barde ya mutu, bayinsa suka watse, tsohon magatakarda ya dawo Tudun Wada da adakarsa guda.

Nagoda ya san adakar. Mahaifiyarsa, Larai, a ɗaya daga cikin hare-haren Barde aka kamo ta tana 'yar ƙarama, ta kuma mutu ba ta san sunan garinsu ba. Abin da take tunawa kawai, akwai rafi, akwai wani dutse mai tsaga. Malam Dalhatu ya taɓa ce masa akwai wasiƙun da suka jera garuruwan da aka ci a waɗannan shekarun, in idonsa ya yi sauƙi zai duba masa. Idon bai yi sauƙi ba.

Ya tarar da zauren cike da maƙwabta. Saje Sabo, wanda ya rako shi, ya fitar da su.

Tsohon na kwance rigingine, ƙeyarsa ta daki bakin dakali. Igiyar da yake rataye mabuɗi a wuya ta tsinke, ta bar masa shata. Adakar na buɗe, mabuɗin na jikinta. Nagoda ya durƙusa ya leƙa: ga alkyabbar Barde a ninke, ga munduwar azurfa, ba wanda ya taɓa su. Takardu ne kaɗai babu.

Daga bayan zana aka ji shesshekar mace. 'Yar mamacin ce, Fatsuma, gwauruwa mai furfura wadda ke kula da shi.

"Inna Fatsuma, Allah ya jiƙan Malam. Ina kike lokacin da abin ya faru?"

"Na tafi suna Dutsen Abba tun hantsi. Na bar masa kununsa. Ƙafa ta hana shi zuwa masallaci, shi kaɗai ne a gidan."

"Wa ya san inda yake ajiye mabuɗi?"

"Duk wanda ya taɓa roƙonsa ya buɗe adakar nan."

"Su wa ke roƙon?"

"Masinjan Di'o, Ɗantsoho, ya mai da gidan nan hanya. Sai kuma Salmanu, jikan Barde. Shi cewa yake gadonsa ne."

"Malam me yake ce musu?"

"Yakan ce takardun ba na mutum ɗaya ba ne. Na kowa ne da sunan garinsu ke ciki."

Nagoda ya ja mayafi ya rufe fuskar tsohon, ya ce a kai shi wurin likita.

Da la'asar ya sami Ɗantsoho a ƙofar gidansa yana goge kekensa, jar dararsa na gefe a kan tabarma.

"Yaushe rabonka da gidan Malam Dalhatu?"

"Ai yallaɓai, tun watan jiya. Na gaji da zarya."

"Mai furar da ke ƙofar gidan ta ga keke jingine da katanga yau da hantsi. Kekuna nawa ne a Tudun Wada?"

Tsumman ya tsaya a hannun Ɗantsoho.

"To, na je. Wallahi da ransa na bar shi, har da zagina ya yi."

"Me ya sa ka ɓoye?"

"Yallaɓai, wa zai so a ce shi ne na ƙarshen ganin mamaci?"

"Me ka je yi?"

"Saƙon Di'o. Na ce masa za a ba shi lada mai kauri, a sa sunansa a littafi. Ya ce Bature zai tsince abin da ya yi masa daɗi ya buga, inda Barde ya kama bayi, don a ce gara da suka zo. Inda ya hana yaƙi ko ya ciyar da gari a shekarar yunwa kuwa, asu zai ci. Ya ce in fita."

"Da ka fito fa?"

Ɗantsoho ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

"Na ga Salmanu a gindin durumi, yana yi kamar inuwa yake sha. Ka san dagacin tsohon garin kakansa ya rasu, shi ma ya shiga neman kujerar. Kullum yana bakin ofishinmu da rawani ya fi kansa girma. Di'o ko kallonsa ba ya yi."

Nagoda ya sa aka binciki ɗakin masinjan. Ba a sami komai ba sai tsofaffin ambulan na gwamnati.

Washegari da safe Saje Sabo ya shigo ofis da wani abu na ɗigar ruwa a hannunsa.

"Yallaɓai, masu yin tubali ne suka tsamo a kududdufin bayan unguwa."

Gafakokin adana wasiƙu ne na jar fata, tsofaffi, masu ado a baki. Nagoda ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Babu ko ƙyallen takarda.

"Ka ga wannan?" in ji shi. "Wanda zai kai wa Bature takardun ba zai yar da gafaka ba, ita ce shaidar tsufansu. Wanda zai kai fada ya nuna asalinsa ma ba zai yar ba. Wannan mutumin ba ajiye su zai yi ba."

"To ƙonawa ya yi ke nan?"

"Da ƙonawa ce, da ya haɗa har gafakar. Tashi mu je mu gai da jikan Barde."

Gidan Salmanu na can ƙarshen unguwa. Tun kafin su isa ƙofa Nagoda ya tsaya. Magudanar da ta fito ta ƙarƙashin katanga ta bar wani dogon layi a ƙasa, baƙi ƙirin, ya bushe yana ƙyalli. Ya dangwala da yatsa, ya murza, ya sansana. Warin ƙaro ne da kunkunniya, irin na tawada.

Suka yi sallama. An daɗe kafin a ce su shigo. Salmanu na kwance a zaure lulluɓe da bargo, mutum ne dogo mai kyan fuska, ya ja amawalin rawaninsa ya rufe baki.

"Sannu, Salmanu. Jiki ne?"

"Zazzaɓi ne, Sufeto. Tun Laraba ban taka ƙofar gida ba."

"Ka ji rasuwar Malam Dalhatu?"

"Na ji. Allah ya jiƙansa. Bawan gidanmu ne mai amana."

"Malami ne, ba bawa ba. An gan ka jiya a gindin durumi."

"Wa ya gan ni? Ɗantsoho? Kai ma ka san masinja, ƙarya ce abincinsa."

"Ban ambaci sunan kowa ba."

Cikin Salmanu ya yi wata ƙara, ya dafe shi yana yamutsa fuska.

Nagoda ya ɗaga murya ya nemi izinin matan gida su shiga ɗaki, sannan ya ratsa zuwa tsakar gida.

An shimfiɗa tabarmi a rana, a kansu an jera takardu, kowace an danne ta da tsakuwa don kada iska ta ɗauke. Takardu masu kauri, ruwan ƙasa-ƙasa, sun yi tauri sun kanannaɗe. Babu rubutu a jikinsu. A gindin randa ga wata babbar ƙwarya da soso a ciki, ga kwalabe cike da baƙin ruwa, wasu an sha rabi.

Ya ɗauki takarda ɗaya ya ɗaga ta saitin rana. Sai inuwar layuka kawai, kamar sawun tururuwa bayan ruwan sama. Ya ɗauki wata, ya ɗauki wata. Ya bi tabarmin nan kaf a durƙushe, har Saje Sabo ya kawar da kai. A gefen wata ya tsinci rabin kalma da soso bai kai ba, ba ta isa ta zama sunan komai ba.

Ya koma zaure da kwalba ɗaya a hannu, ya dire ta gaban Salmanu.

"Sauke amawalin."

"Sufeto, sanyi nake ji."

"Saje, sauke masa."

Leɓɓansa sun yi baƙi, haka dasashinsa. Da ya buɗe baki zai yi magana, harshen kamar an tsoma shi a tukunyar baba ta masu rini.

"Ka wanke su ka sha," in ji Nagoda.

Salmanu ya tashi zaune. Ƙaryar ta ƙare masa, sai girman kai ya rage.

"Na kakana ne. Wa ya fi ni cancanta? Mutumin da in ya yi tari a kudu ake jin tsoro a nan, ga jikansa na zaune a rana bakin ofis, masinja na tsallake ƙafarsa. Wani malami a hanyar Kwangila ya duba mini. Ya ce kwarjinin Barde na cikin abin da ya rubuta da hannunsa, in na sha, ba Baturen da zai iya haɗa ido da ni."

"Shi ya sa ka kashe tsoho?"

"Ban je da niyyar kisa ba! Na roƙe shi, har ƙasa na durƙusa. Na gaya masa abin da zan yi da su, sai ya yi mini dariya. Ya ce Barde bai taɓa riƙe alƙalami ba, ko sunansa bai iya rubutawa ba, Barde ke faɗa, shi yana rubutawa. Wai in kwarjini nake so, nasa zan sha, na tsoho makaho. Na kama igiyar mabuɗin, ya riƙe, na fizga. Ya tafi da baya."

"Yana numfashi lokacin da ka fita?"

Salmanu ya sunkuyar da kai. "Ban duba ba."

"Amma duk da abin da ya gaya maka, ka sha."

"Ƙarya yake yi don ya hana ni."

"Gaskiya ya gaya maka. Duk wanda ya zauna da shi ya sani. Ni da kaina na ji daga bakinsa."

Salmanu ya dubi kwalbar, ya dubi Sufeto.

Nagoda ya matso kusa da shi, har gwiwarsa na taɓa bargon. Muryarsa ta yi ƙasa, ba irin ta ofis ba.

"Kafin ka wanke, ka karanta? Ko guda ɗaya? Akwai masu sunayen garuruwa. Ka tuna ko suna ɗaya?"

"Da Larabci aka rubuta su," in ji Salmanu. "Ni ban iya Larabci ba."

Sufeto Nagoda ya daɗe a durƙushe. Lokacin yana soja, a yaƙin Kamaru, ya ga mutane sun mutu a gabansa bai ji abin da ya ji yanzu ba. Hannunsa na dama ya dunƙule, ya ga Saje Sabo na kallonsa, ya sake shi a hankali. Ya miƙe ya gyara bel ɗinsa.

"Salmanu jikan Barde Junaidu, na kama ka da laifin kashe Malam Dalhatu. Saje, sa masa ankwa."

"Takardun fa, yallaɓai?"

"Tattara su. Bature ya ce a samo, ga su an samo. Haɗa da kwalaben."

Suka fito da shi, rana ta take. Mutanen Tudun Wada sun yi cincirindo a bakin hanya, masu tubali da laka a hannu, mata na leƙe ta saman katanga. Rawanin Salmanu ya warware yana jan ƙasa, ba wanda ya ɗaga masa.

Sun kusa ƙofar gidan mamacin, inda ake zaman makoki, sai ya tsaya cak, ya duƙa, ya fara kelaya amai a gefen hanya, baƙi ƙirin. Masu zaman makoki suka juyo suna kallo. Fatsuma na tsaye a bakin zaure lulluɓe da mayafi, ba ta kawar da kai ba.

"In ja shi, yallaɓai?" Saje ya tambaya.

"Bar shi ya gama."

Da ya gama, Nagoda ya kama shi a damtse ya ɗaga shi, suka miƙe hanyar bariki.