Sunanta Ko Aikinta

Ranar da Hannatu ta fara shiga shagon Irmiya a Runjin Sambo, takarda ta kawo a buga mata, amma ta manta da ita a hannu. Idonta ya maƙale a kan wata tsohuwar kwamfuta da ke lungu, fuskarta baƙa ƙirin, sai layi ɗaya na farin rubutu: "Tubali na gaishe ku."

"Wannan fa? Ban taɓa ganin irinta ba."

"Ai ba za ki gani ba," in ji Irmiya, yana son ɓoye alfahari ya kasa. "Babbar manhajar da ke tuƙa ta, Tubali, ni nake ginawa, tun daga tushe. Sha'awa ce kawai."

"To me take iya yi?"

"Tana gaisuwa."

Dariyar da ta yi ita ce ta gama da shi.

Zamanin soja ne, layin mai ko'ina, jami'a kuma a rufe saboda yajin aiki. Hannatu ɗalibar lissafi da kwamfuta ce, zaman gida ya ishe ta, sai ta mayar da shagon ajinta. Mati mai nama, maƙwabcin Irmiya, yakan leƙo ya ce, "Kai Irmiya, wagga ɗiya takardunta ba su ƙarewa?"

Sun koya wa Tubali riƙe saƙo, wanda ya kunna shi ya gani, sai suka riƙa bar wa juna.

"Injiniya, na gyara maka agogon. Ka ci abinci, waya ba ta ƙosarwa."

"Malamata, na ci. Amma shagon ya yi mini faɗi tunda kika fita."

Abu ɗaya ne suka saɓa a kai, wato me ya kamata a fara yi. A lokacin Tubali ya samu 'yan ƙananan manhajoji, ta rubutu da ta ajiya da ta bugawa, kuma duk da hannu Irmiya yake kwafa su ciki. Hannatu ta ce wannan ganganci ne.

"Irmi, kowace tana dogara da 'yar'uwarta. Ranar da ka canja ɗaya ka manta da sauran, sai an yi kuka. A fara yin mai tsaron ƙofa, wanda zai duba duk abin da za a saka, in bai dace da na ciki ba ya hana."

"Wa zai ga mai tsaron ƙofa? Launi nake so, Hanne. Abin da mutum zai gani ya ce kai!"

Ba ta ja da shi ba. Ta zauna ta rubuta abin da kanta, ta sa masa suna Ma'aji, ta miƙa masa a faifai tana murmushi.

To, Tubali gaba ɗayansa a faifai guda yake zaune, wuri kuma ya kusa cika. Irmiya ya daɗe yana zana sunanta a ɓoye, da furanni ja da kore, don ya riƙa fitowa duk lokacin da aka kunna. Da ya auna, sai ya ga ko zanen ko Ma'aji, ba duka biyu ba. Ya jefa faifanta a aljihun tebur, yana ce wa kansa zuwa gobe.

Da ta ga sunanta a cikin furanni, ta rufe baki da hannu. "Ashe duka sun shiga?"

"Duka," ya ce. Kalmar ta fita da sauƙi, sai daga baya ta fara yi masa nauyi.

Mahaifinta, Malam Ishaya, tsohon hedimasta ne da idanunsa suka yi rauni, kuma bai ga abin so a wurin Irmiya ba. "Yaron da ke gina abin da ba a ci, ba a sayarwa?" Luka, wani mai neman aurenta, shi ya fi kwanta masa, mai aiki a sakatariya, mai mota da albashi.

Sai Hannatu ta yi dabara. Akwai waƙoƙin kakarta a harshen garinsu, waɗanda babu mai riƙe da su sai Baba. Ta riƙa kawo shi shagon da yamma, yana rerawa tana bugawa kai tsaye. Luka ya yi tayin kwamfutar ofis, ta ƙi. "Na yarda da Tubali," ta ce. "Ma'aji na tsaron sa."

Irmiya na jin ta, ya sunkuyar da kai kamar mai neman allura.

Aikin ya yi nisa lokacin da ya rubuta sabuwar manhajar ajiya mai sauri. Ya kwafa ta a kan tsohuwar, da hannu kamar kullum, ya buɗe waƙoƙin don gwaji. Manhajar rubutu ba ta san baƙuwar ba. Kafin ya ankara, ta shafe komai da tarkacen alamomi, ko baiti ɗaya bai tsira ba.

Hannatu ta zo ta duba, ta juyo wurinsa. "Ka saka sabuwar ajiya. Ma'aji bai hana ka ba?"

Ya kawar da kai.

"To laifina ne," ta ce. "Ban iya aikin ba ashe."

Nan ne wurin da zai buɗe baki, bai buɗe ba. Ta koma gida ta gaya wa Baba cewa ita ta ɓata.

Daga ranar Irmiya ya rasa sukuni. In ya ga lokacin zuwanta ya yi, sai ya ƙirƙiro gyara a Ƙofar Atiku. Kunya da tsoro suka haɗu suka hana shi kallon aljihun teburin, balle fuskarta. Har Mati ya ce, "Mi yas same ka? Ko tsire ka bar ci."

Wata safiya ya kunna Tubali, furannin suka fito, a ƙarƙashinsu saƙo.

"Irmi, ka yafe mini. Na ɓata sunan Tubali a gaban Baba. In ba ka son in ƙara taɓa aikinka, na yarda. Amma kar ka daina yi mini magana."

Ya karanta, ya ji kamar an zuba masa ruwan zafi. Ya jawo aljihun tebur, ya ɗauki faifan, ya hau babur sai gidan su Hannatu a Unguwar Rogo.

Motar Luka na ƙofar gida. Irmiya ya shiga ya durƙusa a gaban Malam Ishaya, ya ajiye faifan a kan tabarma.

"Baba, ba laifin Hannatu ba ne. Ga aikinta nan, ban taɓa saka shi ba. Ƙarya na yi mata, kuma na bari ta ɗauki laifina."

Hannatu ta ɗauki faifan tana juya shi. "Saboda me?"

"Wuri bai isa ba. Na zaɓi zanen sunanki."

"Ka zaɓi sunana, ka jefa ni a aljihun tebur," ta ce a hankali, ta tashi ta shige ɗaki.

Luka ya gyara zama yana murmushi. Tsohon ya juyo wajen Irmiya.

"Waƙoƙin suna nan a kaina, sai dai ban san har yaushe ba. Za a sake, amma ba ita za ta buga ba. Kai za ka buga."

A ranar Irmiya ya goge furannin. Ya saka Ma'aji, ya maimaita kuskurensa da gangan, sai ga rubutu: "Wannan bai dace da na ciki ba. Ba zan saka ba." Ya zauna yana kallo, hawaye na zuba.

Kullum da yamma yakan ɗauro kwamfutar a bayan babur. Bai iya harshen ba, tsohon na gyara masa harafi harafi, yana yi masa faɗa kamar ɗan aji ɗaya. Hannatu kan ajiye ruwa ta wuce ko kallo babu. Luka ya zo ya zo, ya gaji da sauraron waƙar tsofaffi, ya ɗauke ƙafa.

Ranar da aka buga baitin ƙarshe, Malam Ishaya ya shafa takardun da tafin hannu. "Har yanzu ban san amfanin Tubalin nan ba. Amma mutumin da ya kawo ƙarar kansa, ya kuma zauna ya gyara, ana iya ba shi amana. In ta yafe, ka turo manyanka."

Yafiyar ba da baki ta zo ba. Washegari ya kunna kwamfutar, fuskarta baƙa kamar ranar farko, Ma'aji ya fito da tambaya irin tasa, amma da gani hannun Hannatu ne.

"Irmiya ba ya aiki daidai shi kaɗai. Yana buƙatar Hannatu. A haɗa su?"

Ya danna I, a haɗa.

An ɗaura auren bayan damina. 'Yan mawaƙa suka rera waƙar kaka daga takardun da Tubali ya buga, Mati ya kawo naman biki yana cewa shi ya fara gani. Malam Ishaya ya ɗora hannu a kansu ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, kowa ya amsa da amin.

Sun ƙara wa Tubali abubuwa da yawa bayan haka, har da launi. Amma babu wanda ya shiga sai da Ma'aji ya yarda.